Kwas na ruɓewar saiwar haƙori ko na raunin haƙora: wanne ya kamata a fara biya?

Dakta, kin ce kuɗin da ke hannunki da hutun da asibiti ya ba ki a bana ba za su wuce kwas ɗaya ba, kuma kina tsakanin biyu: wanda ake koyar da maganin ƙwayoyin cutar da ke shiga ramin saiwar haƙori, da wanda ake koyar da kula da haƙorin da ya karye, ko ya goce, ko ya fita gaba ɗaya sanadin haɗari. Shawarata ita ce ki biya na saiwa, ki nemi ilimin rauni ta hanyar karatu, domin na farko aikin hannu ne da ke buƙatar malami a tsaye a kanki, na biyu kuwa yawancinsa sanin hukuncin da za a yanke ne cikin gaggawa.

Ƙa'idar aikin saiwa ba ta da wuyar fahimta. Tun a 1965 Kakehashi da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa jijiyar haƙorin ɓeran da aka raina ba tare da ƙwayoyin cuta ba tana warkewa ko da an bar ta a buɗe, alhali ta ɓera na yau da kullum tana mutuwa har ta tara mugunya. Ke nan aikin duka shi ne fitar da ƙwayoyin da hana su dawowa, kuma wannan kowa zai iya karanta shi a dare ɗaya. Abin da littafi ba ya bayarwa shi ne yadda yatsa ke jin ramin da ya lanƙwashe, da yadda ake gano ramin nan na huɗu da ke ɓuya a turmin sama na farko, wanda barinsa na cikin manyan dalilan da ke sa aiki ya lalace, da yadda ake wanke rami da ruwan sodiyam haifokulorait ba tare da an tura shi ya wuce ƙarshen saiwa ya ƙone nama ba. Haka nan siraran magagarai na nikel da titaniyam suna karyewa a cikin rami idan an matsa musu, kuma gara likita ya ji wannan karyewar a haƙorin da aka riga aka cire, a kan tebur, da ya ji ta a bakin majinyaci. Shimfiɗar robar da ke keɓe haƙori daga yawu, wadda likitan haƙori Barnum ya ƙirƙiro a 1864, har yanzu da yawanmu ba sa ɗaura ta, kuma a ganina duk kwas ɗin da bai tilasta ta ba bai cancanci kuɗinki ba. Kwas mai kyau zai kuma rage miki rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, tunda jini ba ya kaiwa ga jijiyar da ta mutu, balle maganin da yake ɗauke da shi; wurin wannan magani shi ne inda kumburi ya bazu ko zazzaɓi ya shigo.

Rauni kuwa lamarinsa lokaci ne. Majinyacin saiwa ana iya ba shi rana, amma yaron da ya faɗo daga babur ko ya ci ƙasa a filin makaranta ba ya zuwa da alkawari. Sai dai ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya, IADT, ta sabunta jagororinta a 2020, bisa aikin da masanin raunin haƙori Jens Andreasen ya shafe shekaru yana yi a Kopanhagen, kuma ana samunsu kyauta a intanet. A ciki za ki ga cewa haƙorin dindindin da ya fita ana riƙe shi ta kansa, ba ta saiwa ba, a mayar da shi gurbinsa nan take. Idan hakan bai yiwu ba a saka shi cikin madara, ko yawu, ko ruwan gishirin asibiti, domin in ya bushe fiye da minti 60 ƙwayoyin halittar da ke manne shi da ƙashi da wuya su rayu. Ana ɗaure shi da siririyar waya mai lanƙwasa na mako 2, wanda ya goce gefe ko saiwarsa ta karye mako 4, karayar da ke kusa da wuyan haƙori kuwa takan kai wata 4. Haƙorin yarinta, wanda ba a yi famfararsa ba, ba a mayar da shi, saboda kada a lahanta na dindindin da ke ƙarƙashinsa. A kuma tambayi rigakafin tetanus. Allurar kashe zafi da manna waya da abin ciko duk kin iya su tun daga makaranta, abin da ya rage shi ne waɗannan lambobi su kasance a manne a bangon ɗakin aikinki.

Akwai kuma inda biyun suke haɗuwa, kuma shi ya fi rinjayar da ni. Haƙorin da aka mayar, idan ƙarshen saiwarsa ya gama rufewa, dole a fara masa aikin saiwa cikin mako 2, in ba haka ba jijiyar da ta mutu ta ruɓe, saiwar ta soma cinyewa. Wanda ƙarshensa bai rufe ba ana sa masa ido ko jini zai sake shigarsa. Saboda haka likitan da ya ƙware a saiwa ya riga ya mallaki babban kaso na jinyar rauni.

Zan sauya shawara ne kawai idan asibitinku ba shi da na'urar ɗaukar hoton haƙori da kayan aikin saiwa, ko kuma ke ce ake kira sashen gaggawa duk lokacin da aka kawo masu haɗarin babur. A nan kwas na rauni ne zai yi amfani tun gobe. Kafin ki biya kowanne, ki tambayi awa nawa ake yi a kan tebur, mutum nawa ke ƙarƙashin malami ɗaya, ko kamfanin da ke sayar da magagarai ne ya shirya shi, sannan ko hukumar MDCN, mai kula da likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, tana karɓar makin kwas ɗin wajen sabunta lasisi.