Hattara da mai sayar da “kayan daji” a Damagaram

Assalamu alaikum ƴan uwa direbobi, musamman masu katkat (mota 4x4) da ke shiga rairayi, ko ta hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ta Gure zuwa Tesker. Akwai wani mutum da ke yawo kan babur a bakin tasha da garajoji, yana tallar abin da yake kira kayan daji: bidon biyu na man inji 15W40 masu lita 5, filtar mai, kuruwa (bel ɗin inji), tiyon radiyato da gam na facin taya, duk a buhu ɗaya. Ni na saya jika 30 na sefa, ina murnar na samu araha.

Ga yadda yake yi. Zai buɗe bidon ɗaya a gabanka, ka ga mai garau kamar zuma, ka shafa a yatsa. Wannan na gaske ne, kuma ba shi zai ba ka ba. Naka yana cikin buhu a rufe, sai ya ce, “Alhaji, kar ka fasa hatimin, ƙura za ta shiga.” Wa zai yi gardama? Kayan ko-ta-kwana dama ba a buɗe su a gari, jefa su ake yi bayan mota a manta. Nan cinikin nasa yake. Ya san ranar da za ka buɗe, kana inda ko layin waya babu, balle ka komo masa.

Tawa ranar ta zo bayan mun wuce Gure da nisa. Dutse ya bugi ƙasan inji, mai ya fara ɗiga. Muka liƙe wurin, na ce wa yaron mota ya kawo bidon. Da ya tuntsura, sai ga abu baƙi, tsararo, yana warin gazuwal da ƙauri. Tsohon mai ne da aka juye daga wasu motoci, aka tace, aka sirka, aka ɗura a bidon na asali aka manne murfin da gam. Na biyun ma haka. Injin Land Cruiser irin nawa yana shan kusan lita 10, kuma irin wannan ruwan ba ya riƙe ƙarfe idan inji ya yi zafi cikin yashi, sai dai ka ji ƙwanƙwasa. Ban zuba ba. Muka kwana biyu ƙarƙashin mota muna auna ruwan sha da murfin buta, har Allah ya kawo wata Hilux, direban ya ba mu nasa man. Allah ya saka masa da alheri, ko sunansa ban riƙe ba.

Kuruwar kuwa, da na gwada a gida, ta ƙaramar mota ce. Filtar ba nauyi, kamar gwangwanin madara.

Yanzu duk man da zan ɗauka, a gari nake fasa shi gaban mai shago. Nakan ɗiga kan farar takarda: sabo yana bazuwa fes, tsoho yana barin baƙin tabo a tsakiya. Ku duba zoben murfi ko an taɓa karya shi, ku leƙa gindin bidon ko da laka. Kuruwa da tiyo, ku sa makanike ya ɗaura sababbin, ku riƙe tsofaffin a matsayin ajiya, tunda su kun san sun shiga.

Wani abin da ya fi ba ni haushi, mu ne muke ba mutumin nan jari. Yaran garaji na sayar da bidon fanko da tsohon mai ga duk wanda ya miƙo kuɗi. Ni dai nawa, da zarar ya ƙare nake huda shi da wuƙa.

An ce mini makon jiya an gan shi wajen masu lodin Agadas, buhun dai shi ne, amma ya canza babur.