Madubin hangen taurari: kayan na Faransa, sararin sama na gida

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa. Ga bayanin ƙaramin madubin hangen taurari da ake saye a nan Faransa, don mai son a aiko masa ya san abin da zai gani kafin ya ɓata kuɗinsa.

Kaya kam akwai su, sabo a shago, na hannu a intanet. Mai gilashin gaba na milimita 70 yana kamawa wajen euro 100, sefa dubu 65 da 'yan kai ke nan, ban da kuɗin aike. Akwai kuma ƙungiyoyin masu kallon taurari, kowane Agusta suna fito da madubansu kowa ya leƙa kyauta. Sai dai sama ce ba su da ita. Fitilun gari sun cinye taurari, hunturu kuma gajimare ne. Ƙauyen da ke bayan Garwa a daren da babu wata ya fi Paris nesa ba kusa ba. Ga shi Garwa na wajen digiri 9 arewa, Paris 49, don haka taurarin kudu irin su dunƙulen Omega Centauri ku kuna ganinsu, nan ba sa fitowa sam.

Kada kwali ya ruɗe ku. Za ku ga an rubuta yana girmama abu sau 500, dabarar talla ce. Faɗin gilashin gaba shi ne madogara: a ninka shi biyu, iyakarsa ke nan, wato sau 140 ga mai milimita 70. Lissafin girmamawa kuwa rabawa ne: in an rubuta 700 a jikin bututun, ka sa gilashin ido (wanda ake leƙawa ta ciki) na 25, ka raba 700 da 25, ka sami sau 28. Na 10 ya ba ka 70. Da na 25 ake farawa.

Wata ne zai fi faranta muku rai. Ku dube shi daren bakwai ko takwas, daidai inda haske ya yi iyaka da duhu, nan ramuka da duwatsu ke fitowa da inuwarsu. Daren sha huɗu haske ne kawai mai kashe ido. Duniyar Mushtari (Jupiter) zai fito ɗan faifai da zane biyu a ciki, da watanninsa huɗu a jere, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610; gobe in ka duba sun sauya wuri. Zoben da ke kewaye da duniyar Zuhal (Saturn) yana bayyana daga sau 50, ƙarami ƙwarai amma tsaf. Zara tana cika tana raguwa yadda wata ke yi. Kaza da 'ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ka ga gommai. Amma launukan nan na hotunan intanet, a manta da su. Andromeda, wani babban tarin taurari mai nisa, ɗan hayaƙi ne toka-toka.

Matsala yawanci daga ƙafafun da ake ɗora madubin a kai take. Masu araha rawa suke yi, ko numfashi ka yi hoton ya girgiza. A rataya jarkar ruwa a tsakiyarsu don nauyi. Ɗan ƙaramin madubin saiti da ke bisa, da rana ake daidaita shi a kan hasumiyar masallaci mai nisa. Tauraro zai riƙa sulalewa daga gilashi saboda juyin duniya, sai ana bin sa a hankali. Kada a kalla ta saman rufin kwano, zafin da yake fitarwa yana sa hoto rawa.

Don hanyar gida na fi son mai gilashin gaba a kan ɗaya nau'in, mai madubi a cikin bututu, domin jijjigar mota tana karkatar da madubin, sai an sake saiti. Lokacin kallo mafi kyau bayan ɗaukewar damina ne, kafin hazo ya sauko. Ƙura in ta hau gilashi, a hure ta da 'yar roba mai busa iska. Goge ta da gefen riga yana karce shi.

Rana kuwa, kada a kuskura a nufe ta da shi, nan take take ƙona ido. In an gama a rufe bakinsa, a ajiye inda yara ba sa kaiwa.