Gargaɗi: mai sayar da "dutse mai canza launi" ya cinye min ajiyar wata takwas

Wata takwas na yi ina tara kuɗin nan. Wata takwas, jama'a, kuma ni na tura su da hannuna, kashi biyu, ba wanda ya sa min wuƙa a wuya. Yau kwana shida ke nan, in na rufe ido farar takardar nan kawai nake gani.

Mutumin a intanet yake tallar duwatsun ado. Ya ce yana da alekzandirait guda uku, dutsen da yake kore a hasken rana, ya koma ja a ƙarƙashin tsohon ƙwan lantarki mai zare ko hasken kyandir. Kafin wani ya zo ya ce wauta ce, to ya sani dutsen nan akwai shi, a tsaunukan Yural na Rasha aka fara samunsa a shekarun 1830. Na san ma dalilin canjin. Launin abu ai ragowar hasken da bai shanye ba ne, wanda ya dawo wa ido da shi. Sinadarin kuromiyam da ke cikin dutsen yana shanye ɓangaren rawaya, sai ya bar kore mai sirkin shuɗi a gefe guda, ja a ɗaya gefen. Hasken rana yana da yalwar shuɗi da kore, sai koren ya rinjaya. Hasken ƙwai mai zare ja ya fi yawa a cikinsa, sai jan ya rinjaya. Duk wannan na sani tun kafin in san mutumin nan yana duniya. Sanin ne ma ya kai ni ya baro.

Ya kira ni ta bidiyo. Ya ɗora duwatsun a kan farar takarda kusa da taga: kore. Ya ce, "Malam, kai da ka san harkar, bari ka gani da idonka." Kai da ka san harkar! Nan ya kama ni. Ya ja labule, ya kunna fitila, suka koma ja. Ban yi minti goma ba na tura rabin farko. A'a, rabin farko na tura shi tun kafin kiran ma, wai kafin alƙalami don kada wani ya riga ni, bayan kiran ne na cika rabi na biyu. Ko ma dai yaya ne, ajiyar wata takwas ta tafi.

Da kayan suka iso na kai su bakin taga, kore dai kam, amma kore irin na kwalba. Da dare na kunna kyandir, ba ja ba alamarsa. Abin da kawai na gani, in na karkata su sai wani shunayya da ruwan gwal su gilma a sama, irin na kumfar sabulu ko mai da ya zube a kan ruwa. Gabana ya faɗi, don wannan wani abu ne daban. Shafi ne siriri a kan gilashi: haske yana dawowa daga saman shafin da kuma ƙasansa, su haɗu, wasu launuka su ƙarfafa, wasu su kashe juna, shi ya sa launin yake bin yadda ka karkata abin. Na sa allura na kankari gefen ɗaya, shafin ya ɓare kamar fentin farce. Dutsen gaske taurinsa 8.5 ne a ma'aunin Mohs da ake auna taurin duwatsu da shi, allura ba ta yi masa komai. Mai gwada duwatsu da na kai wa bai ɓata lokaci ba, ya miƙo min madubin ƙara girma, ga 'yan kumfan iska a daskare a ciki. Gilashi. Guda uku, gilashi.

Ashe na naɗi bidiyon kiran nan a wayata. Ƙanwata ce ta kalla sau ɗaya tak ta ce, "Yaya, ai takardar ma ta zama ja." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Farin abu kusan duk launukan da suka sauka a kansa yake mayarwa, don haka launin fitilar yake ɗauka. A ƙarƙashin ƙwai mai zare takarda ɗan rawaya take yi. Wannan kuwa ja ta koma, har farcen yatsansa. Jar fitila ce kawai ya haska. Ni da zan iya yi wa wani wannan bayanin a tsaye, na zuba wa duwatsu ido na manta da takardar. Na maimaita bidiyon ya fi sau talatin, daidai daƙiƙar da ya ja labulen, ina jin muryata ina cewa "Kai, madalla!"

Kuma na yi bincike fa. Na nemi takardar shaidar gwaji, ya turo hotonta, ban dai bi lambar na tabbatar ba. Ya yi min magana a natse, bai matsa min ba sai ranar ƙarshe. Da na tura masa hoton shafin da ya ɓare sai ya ce wai hasken ɗakina ne ba shi da kyau. Hasken ɗakina! Washegari ya toshe ni, shafin tallar ma ya canza suna.

Kada ku sayi dutse ta bidiyo. In an nuna muku canjin launi, ku kalli farin abin da ke gefe, ku kuma kai wa mai gwaji kafin ku biya.

Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin, duka biyun, da bidiyon takardar, zan ɗora su da zarar na gama rufe bayanan asusuna. Wata takwas. Gilasan uku suna nan a kan tebur, na rasa ma inda zan jefa su.