'Yan St. Vincent na cocin Katolika a Zuru, abun da na gani da idona

Ni dai Musulmi ne, in faɗa tun farko kar wani ya zo yana cewa tallan coci nake. Gwaggona ce, ƙanwar babanmu, ta gudo daga wajen Danko-Wasagu da jikoki uku bayan ɓarayin daji sun tashi ƙauyensu, ta sauka gidana nan Zuru ba ta da komai sai zanin jikinta da wata 'yar tukunya, ni kuma ɗinki nake, wanda ya san harkar tela ya san in ba sallah ko Kirsimeti ko lokacin bikin gargajiya na Uhola ba to zaman shago kawai ake.

Maƙwabciyarmu ce 'yar Katolika ta kai sunanta wajen ƙungiyarsu ta St. Vincent mai taimakon mabuƙata. Gaskiya ban so ba da farko, dan kafin su akwai wasu da suka zo da mota da riguna iri ɗaya, suka tara mata a rana tun safe har azahar, aka ba kowa taliya biyu da ƙullin magi, aka yi ta ɗaukan hoto kaman biki, ba mu sake ganinsu ba. Na ɗauka duk kanwar ja ce.

Toh waɗannan ba su kira ta ko'ina ba, su suka zo. Mutum biyu, wani dattijo tsohon soja (Zuru kam kusan kowane gida akwai shi) da wata mata nas, suka yi sallama suka cire takalmi suka zauna kan tabarma. Nas ɗin ta ce "Mama ina wuni, ya gajiyar hanya, ya muka ji da abun da ya faru", Gwaggo ta fara ba su labari tana kuka, wallahi kusan awa ɗaya ba wanda ya duba agogo ko ya taɓa waya. Sai daga baya suka tambayi me ake ci, yaran suna makaranta ko a'a, wa ke ciwo.

Abun da suke kawowa ba yawa, kar ma wani ya sa rai da buhu. Tiya biyu ta dawa ko masara, kwalbar manja, sabulu, wani lokacin gwanjon kayan yara da mutanen cocin suka tara. Amma yana zuwa, duk bayan sati biyu zaka ji sallamarsu, har da damina da layinmu ke zama taɓo. Kuɗi a hannu ba su cika bayarwa ba, da ƙaramar ta yi zazzaɓi su suka yanki kati suka biya allura da ƙarin ruwa da kansu, rasit ɗin ma dattijon ya ninke ya sa cikin littafinsa dan wai sai ya kai lissafi gaban taro. Gwaggo ta ɗan yi ƙorafi ita ta fi son a ba ta ta juya, ni kam na fahimce su.

Na tambayi dattijon wai Fada (limamin cocin) ne ke ba ku kuɗin, ya yi dariya. Ashe duk sati in sun yi taro akwai jakar da ake zagayawa da ita, kowa ya cusa hannu ya sa abun da ya samu ba wanda ya san na wani, sai kuma baiko, wato sadakar da jama'a ke sa musu a bakin ƙofa bayan sujada, lokacin azuminsu na kwana 40 ya fi auki. Babu mai ɗaukan albashi. Ya ce tsarin zuwa gida mutum bibbiyu ba su suka ƙirƙiro ba, tun 1833 ne a Paris ta Faransa wani ɗalibi ɗan shekara 20, Frederic Ozanam, da abokansa suka fara, suka sa ma ƙungiyar sunan Vincent de Paul, limamin da ya rasu 1660.

Maganar da kowa ke tambayata a shago, ba su ce ta shiga coci ba? Ko sau ɗaya. Ranar nan ma an kira la'asar suna tsakar gida, nas ɗin ce ta miƙa mata buta ta ce "Mama je ki yi sallah muna jira".

Tauraro 4 cikin 5 na ba su, ɗayan na riƙe ne saboda su kaɗan ne kuma 'yan gudun hijira sun cika gari, in aka kai sunanka sai ka yi haƙuri kafin layi ya zo kanka, mu kusan sati uku muka jira. In abun gaggawa ne kar ka zauna jiran ranar taronsu, nemi ɗan cocin da ka sani a unguwa ya kira su a waya. Yanzu sun sai ma Gwaggo kasko da tiya uku ta wake, tana suyar ƙosai ƙofar shagona da safe, yajin dai ya yi yawa na faɗa mata ta ƙi ji.