CAPS ta JAMB: ta toshe ƙofar baya, amma sai mai ido a kai ke cin moriyarta

Tun 2017, a zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ta mayar da ba da gurbin karatu a waɗannan makarantu cikin manhajarta ta intanet mai suna CAPS. Makaranta ce ke zaɓar ɗalibai, amma sai JAMB ta amince, sannan ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa ko ya ƙi. Gurbin da aka bayar a bayan fage ba ya shiga rajistar JAMB, mai shi kuma zai gane kurensa ranar da ya zo tafiya bautar ƙasa.

Nan manhajar ta cancanci yabo. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na gurabe na masu maki mafi yawa ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, irin su Jigawa, Yobe da Zamfara. CAPS na jera masu nema bisa maki, don haka tsallake mai 280 a ɗauki ɗan wane mai 190 ya zama abin da sai an yi bayani.

Inda gizo ke saƙar shi ne sakamakon WAEC ko NECO. Yaro ya yi rajistar JAMB kafin sakamakonsa ya fito, ya ci jarrabawar JAMB da kyau, ya koma gida yana jiran kira. Muddin bai je cibiyar jarrabawa ta kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita an ɗora masa kiredit ɗinsa biyar ba, manhajar ba za ta bari a ba shi gurbi ba, komai makinsa. Wannan ya fi cin yaran karkara, kuma abin takaici ne ƙwarai, domin ba ƙoƙari suka rasa ba.

Sai layin waya. Lambar NIN ake aikawa ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019 don samun lambar fara rajista, kuma layin da aka yi amfani da shi ne JAMB za ta riƙa tuntuɓa. Kada a yi da layin mai shagon intanet, kada a bar masa kalmar sirri.

Idan jami'a ta sauya wa ɗalibi kwas, tayin na bayyana a shafinsa, kuma sai ya amince sauyin zai tabbata. A riƙa leƙawa duk mako daga fitowar sakamako, a kuma yi tunani kafin a danna karɓa, don wanda ya karɓa ya fita daga layin sauran makarantu na wannan shekarar.