Ƙullin kayan shayi na kasuwar Gadarif

Masu kayan ƙamshi a kasuwar Gadarif, wani birni a gabashin Sudan, suna ƙulla haɗin kirfa, busasshiyar citta, kanumfari da habbahan (cardamom a Turance). Babu ganyen shayi a ciki, don haka ba ya hana barci. Ya cancanci kuɗinsa, amma ku nemi ɓarzajje. Na gari yakan kwanta kamar laka a gindin kofi, ƙamshinsa kuma ba ya daɗewa.

Babban cokali 1 ya ishi kofi 2 na ruwa. A rufe tukunya ya tafasa minti 10, sannan a zuba madara.

Aibinsa kanumfari, yakan yi yawa har ya ɗaure harshe, ku tsince rabi. Kada a sa karkade (zoɓo) idan da madara, tsaminsa yana tsinka ta.