Felabration ko Gidan Tarihin Kalakuta?

Duka biyun a Ikeja suke, kusa da mu 'yan Agege. Felabration, bikin tunawa da marigayi mawaƙi Fela Kuti da 'yarsa Yeni ta fara a 1998, mako guda ne a watan Oktoba a New Afrika Shrine: kiɗa har tsakar dare, cunkoso, hayaƙi. Abin da ke damuna, sau da yawa sababbin mawaƙa ne ke cika dandalin, Fela sai ambaton suna. Gidansa na titin Gbemisola kuwa, da ya zama gidan tarihi a 2012, ba hayaniya. Kabarinsa na nan, da takalmansa da tufafinsa. Can nake kai baƙona. Mai son jin Egypt 80 dai, wato rukunin makaɗan Fela, ya jira ranar da ɗansa Seun, wanda ya gaji rukunin, zai yi wasa a Shrine.